Ninki Biyu Babu Tawada

Shekara ashirin da shida ina rubuta jawaban bikin yaye ɗalibai na jami'armu da hannuna, ban taɓa jin haushin aikin ba sai bara.

Duk wanda zai hau dandamali ya yi magana ranar, babban baƙo ne ko ɗalibi, sai an kawo mini jawabinsa, ni kuma in zauna da buroshi da tawada in kwafe shi a kan doguwar farar takarda mai ninki-ninki. Mai jawabi ya riƙa warwarewa yana karantawa, in ya gama ya naɗe, ya mayar cikin marufi, ya ajiye da hannu biyu a kan teburin shugaban jami'a. Abin da ke rubuce shi ake karantawa, ba ƙari ba ragi. Ko tari ne ya zo wa mutum, sai dai ya haɗiye abinsa.

Sunana Nagumo. A ofishin gudanarwa nake, teburin bakin ƙofa inda iskar teku ke shigowa ta daki ƙafar mutum. Abokan aikina suna cewa bakina ba shi da birki, kuma ban taɓa musa musu ba.

A farkon watan Maris, ƙanƙara ta fara narkewa ta mai da harabar jami'a taɓo, wata yarinya ta shigo ofis rungume da takardu. Isogai Chiharu ke nan, wadda ta fi kowa maki a cikin ɗalibai ɗari shida, don haka ita za ta karanta jawabin godiya a madadinsu. 'Yar masunta ce daga can ƙarshen gaɓa, siririya, mai sunkuyar da kai in tana magana. Na karɓi takardun na karanta a tsaye. Gaisuwar yanayi ta yi daidai, godiya ga shugaban jami'a ta yi daidai. Sai na iso tsakiya, inda ta rubuta:

"Na shigo jami'ar nan ban iya cika shafi ɗaya ba. Malam Hatano Shuzo ya ce in riƙa kawo masa shafi ɗaya duk mako, ko a kan me. Shekara ɗaya kawai ya koyar da ni a aji, amma shekara huɗu yana karɓar shafukan nan, yana karantawa a cikin jirgin ƙasa, yana dawo mini da su da jan fensir. Ba ya cikin aikinsa. Malam, na gode."

Na san Malam Hatano, kowa a ofishinmu ya san shi. Yana cikin malaman wucin gadi, waɗanda ake ɗauka shekara-shekara, ba ofis, ba suna a jikin ƙofa, sai loka ɗaya, ɗan kabad na ajiya, a ɗakin da su goma sha huɗu suke raba butar shayi ɗaya. Rubutu yake koyarwa, kwana uku a mako, daga wani gari yake zuwa. Ya haura hamsin, bakin hannun rigarsa ya fara zarewa. Kuma kowa ya san cewa ƙarshen watan nan aikinsa ya ƙare, domin in mutum ya wuce shekara biyar yana iya neman a tabbatar da shi, jami'a kuwa ta iya lissafin kwanaki. An ba shi takardar sallama tun Disamba, da kalmomi masu laushi.

"Ya san kin rubuta wannan?" na tambaye ta.

"A'a. So nake ya ji a ranar," ta ce. "Sau ɗaya kawai, a faɗi sunansa a cikin zauren nan kafin ya tafi."

Na ce mata ya yi kyau, ta zo mu kai wa Ebihara.

Ebihara shi ne shugaban sashenmu, kuma shi ke riƙe da abin magana ranar biki, da agogon ƙidayar daƙiƙa a hannu. Mutum ne da bai taɓa cewa a'a da bakinsa ba. Ya karanta jawabin yana gyaɗa kai, da ya iso tsakiya sai ya karkata kai gefe, ya ja iska ta tsakanin haƙora. A ofishinmu in ka ji wannan ƙarar, to magana ta mutu.

"Isogai-san," ya ce, da -san ɗin girmamawa da muke liƙa wa suna, "jawabi ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai. Sai dai wurin nan… da ɗan wuya."

"Wane wuri, Yallaɓai?"

"Ba a saba ba. Ana gode wa shugaban jami'a, da malamai baki ɗaya, da iyaye. In kin ware mutum ɗaya, sauran fa? Ai sai ransu ya sosu."

Na ce, "Shekara uku da suka wuce an ambaci sunan wani malami. Ni na rubuta shi da hannuna."

"Wancan farfesa ne, Nagumo-san. Kuma ya rasu."

"Au, to sai mu gaya wa Malam Hatano ya yi ƙoƙari ya rasu kafin ashirin ga wata."

Yarinyar ta toshe baki. Ebihara bai ko dube ni ba. "Nagumo-san, kamar shayin baƙi ya ƙare a kabad," ya ce. Wannan ita ce hanyarsa ta cewa in yi waje. Ban motsa ba.

Ai ba ran malamai yake tausayi ba. Ɗan jaridar garinmu yana zuwa biki duk shekara, in ya ji ɗalibar da ta fi kowa tana yabon malamin da aka sallama, zai tambayi dalilin sallamar. Wannan kaɗai ne, kuma mu ukun duk mun sani.

Ya ɗauki biro ya ja layi biyu a kan sakin layin, a hankali, da rula ma, don kada layin ya karkace. Sannan ya yi murmushi.

"Af, na ji ɗaya ga Afrilu za ki fara aiki a kamfanin Kuramochi. Barka, barka. Kin san mai kamfanin ne babban baƙonmu na bana? A kan dandamali zai zauna, kusa da ke. Zai ji daɗi ya ga sabuwar ma'aikaciyarsa ta san tsari."

Chiharu ta sunkuya ta ce ta gode da gyara. Muka fito baranda. Na so in koma in juye masa tawada a kan rular nan tasa.

Da abin ya tsaya nan, da na ce rashin mutunci ne irin wanda muka saba. Bayan kwana uku Ebihara ya ajiye wata ambulan a kan teburina, ya ce jawabin babban baƙo ne, in kwafe shi da kyau, manyan baƙaƙe, saboda idon Shugaba Kuramochi ya fara rauni. Kuramochi tsohon ɗalibinmu ne, mai kamfanin kifin gwangwani, wanda sunansa ke jikin sabon ɗakin karatu da baƙaƙen zinariya. Na buɗe ambulan, sai na ga shafi shida da fensir, da ƙananan baƙaƙe masu ɗan jirkicewa dama. Shekara biyar ina karɓar takardun maki da wannan rubutun. Ko a duhu na gan shi zan gane.

Na ɗauki ambulan na nufi ɗakin malaman wucin gadi. Na tarar da Malam Hatano shi kaɗai, a tsaye gaban lokarsa, yana cin dunƙulen shinkafa yana zuba littattafai a kwali.

"Sensei," na ce, haka muke kiran malami, "mene ne wannan?"

Ya leƙa, ya yi 'yar dariya. "Kash, na ce su buga shi kafin su ba ki. Rubutuna kamar tafiyar kaguwa."

"Ba rubutun nake tambaya ba. Sun kore ka, sannan su sa ka rubuta wa mai gwangwani jawabi? Kai kuma ka yarda?"

"Ebihara-san ya ce taimako ne na ƙarshe."

"Taimako! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi za a tafa wa, kai ko kujera ba su ba ka ba."

"Kujeru sun cika, Nagumo-san. An ce akwai allo a ɗakin motsa jiki, inda iyayen da suka makara ke zama. Ya ishe ni." Ya goge yatsunsa da hankici. "Yara ɗari shida ne za su zauna a kan kujerar ƙarfe cikin sanyi su saurara. Ko ni ko wani, sai an rubuta. Gara su ji abin da zai amfane su."

Irin wannan haƙurin yana ba ni haushi fiye da mugunta. Mugu ka san yadda za ka yi da shi. Na tsaya ina huci, shi kuwa ya miƙo mini lemo guda daga aljihun kwat ɗinsa, wai in ci, na gonar maƙwabcinsa ne. Na kusa gaya masa abin da yarinyar ta rubuta, amma na tuna ta ce tana so ya ji a ranar, sai na karɓi lemon na fito.

Jawabin kuwa ya yi kyau, abin da ya ƙara mini takaici ke nan. A kan masu ɗinkin taru, ragar kamun kifi, ya yi shi, tsofaffin nan da ke zama a bakin tashar jiragen ruwa da allurar katako. Sunan mai jirgi ake rubutawa a jikin jirgi, in ji shi, amma kowane kifi da ya iso gaɓa ta cikin ƙullin wani ya bi, wanda ba ka san fuskarsa ba. Ya ce wa ɗalibai su nemi masu ɗinkin tarunsu tun suna da rai. Na tabbata ko kansa bai kawo a rai ba da yake rubutawa. Ni kuwa ina kwafewa ina taunar leɓe, sau biyu na ɓata takarda.

Da na zo kan na Chiharu, na rubuta gaisuwar yanayi, na rubuta godiyar shugaban jami'a, na iso inda aka ja layi biyu. Na daɗe riƙe da buroshi. Sai na tsallake ninki biyu cif, daidai faɗin da sakin layin zai ci, na bar su fari fat, na ci gaba daga godiyar iyaye. Ebihara farko da ƙarshe kawai yake dubawa, ya ga kwanan wata da suna sun yi daidai.

Ana gobe biki aka yi gwaji. Ɗalibai suka yi ta tashi, da sunkuyawa, da zama, Ebihara yana ƙidaya musu, ɗaya, biyu, uku, a ɗago. Wanda ya riga sauran ɗagowa sai a sake daga farko. Da aka tashi na ja Chiharu bayan labule mai ratsin ja da fari, na warware mata takardar.

"Kin gani? Wurinsa yana nan. Kin haddace maganar?"

"Na haddace."

"To shi ke nan. In kin iso nan ki faɗa. Wa zai hau dandamali ya toshe miki baki a gaban mutum dubu biyu? Ebihara? Sai dai ya shanye iskar zauren da haƙoransa."

Ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa. "Shugaba Kuramochi fa?"

"Mai gwangwani? Kafin ki hau ya yi barci."

Ta shafa farin wurin da yatsa. "Zan faɗa, Nagumo-san. Na gode." Na koma teburina ina jin kaina wata jaruma.

Ranar ashirin ga wata gari ya waye da rana da iska mai sanyi. 'Yan mata sun cika harabar cikin hakama, tufafin gargajiya na ranar yaye, kowace da furanni a gashi, suna taka taɓo da ɗan yatsa. Ni aka ɗora wa baƙi. Na maƙala wa Kuramochi babban jan fure na ƙyalle a ƙirji, na kawo masa shayi, ya karɓa bai dubi wanda ya ba shi ba. Gajere ne mai jan fuska, muryarsa tana riga shi shiga ɗaki. Na miƙa masa jawabinsa a marufi, ya auna shi a hannu ya ce, "Kai, duk wannan ni na faɗa?" Shugaban jami'a da mataimakansa suka fashe da dariya kamar ba su taɓa jin barkwanci ba.

Ƙarfe goma daidai aka fara. Na tsaya gefen dandamali bayan labule, inda nake ganin komai. Shugaban jami'a ya yi minti goma sha biyu yana gaya wa yara cewa duniya tana sauyawa, kamar yadda ya gaya wa na bara da na bara waccan. Sai Ebihara ya kira babban baƙo, ya jero muƙamansa har numfashinsa ya kusa ƙarewa.

Minti goma sha biyar aka ba Kuramochi. Ya hau, ya sunkuya wa tuta, ya sunkuya wa shugaba, ya ajiye marufin a gabansa bai buɗe ba, ya kama abin magana da hannu.

"Kafin in karanta wannan, bari in ɗan yi hira da ku."

Ashe dokar nan ta ba ƙari ba ragi ta talaka ce. Ya ba mu labarin motarsa ta farko. Ya ba mu labarin ranar da ya yi wasan golf da wani gwamna ya bar shi ya ci. Ya ambaci sunan likitansa, da sunan telansa, da sunan karensa, Ponta, wanda in ji shi ya fi rabin ma'aikatansa biyayya. Na dubi Ebihara, na ga yana dariya, agogon ƙidayarsa kife a kan tebur. A cikin zauren da aka ce sunan malami zai sosa wa mutane rai, an faɗi sunan kare sau uku, ni na ƙirga.

Sai bayan minti goma sha takwas ya warware takardar. Karatunsa kamar mai tafiya a kan tsakuwa ba takalmi, yana tsayawa inda ba a tsayawa, yana lasar yatsa kafin ya juya ninki. Duk da haka maganar ta fi ƙarfinsa. Da ya iso kan masu ɗinkin taru zauren ya yi tsit. A garinmu babu gidan da ba shi da tsoho ko tsohuwa da ta zauna a bakin tashar nan. Iyaye mata suka fara zaro hankici. Shi kansa muryarsa ta ɗan girgiza, ina jin a lokacin ne ya fara jin abin da aka rubuta masa.

Chiharu tana layin gaba. Na ga kanta ya ɗago a hankali, ta zuba wa mutumin ido, bakinta a ɗan buɗe. Shekara huɗu tana karanta jan fensir ɗin Malam Hatano, ta san yadda yake ƙulla magana. Ta juyo ta neme ni a bayan labule, na gyaɗa mata kai. Na ce a raina, yauwa, yanzu wuta ta kama.

Aka yi tafi har bangon zaure ya amsa. Ebihara ya lallaɓa ya je wurinta a sunkuye, ya raɗa mata wani abu yana nuna agogo. Daga baya na ji abin da ya ce: an ci lokaci, ta ɗan hanzarta.

"Jawabin godiya. Wakiliyar ɗalibai, Isogai Chiharu."

Ta amsa da ƙarfi, ta hau. Hakamarta koriya ce mai duhu, ta uwarta. Ta tsaya ta ba jama'a baya, tana fuskantar shugaban jami'a, kamar yadda ake yi. Kuramochi yana zaune taku uku daga inda take, yana goge gumi. Bai yi barci ba. Yabo ya wartsake shi, yana ta kallonta, wani ma ya sunkuyo ya raɗa masa cewa sabuwar ma'aikaciyarsa ce, ya gyaɗa kai.

Ta fara, muryarta a tsaye. Ƙanƙara ta narke, furanni sun fara leƙowa. Godiya ga shugaba. Godiya ga malamai baki ɗaya. Ta juya ninki, farin wurin ya bayyana, ta yi shiru.

Abin magana yana ɗaukar numfashinta, duk zauren yana ji. Na ga kafaɗunta sun ɗaga. Na ga ta buɗe baki. Na damƙe labule ina cewa a raina, faɗi mana, 'yar nan, faɗi! Ta juya ninki na farko, fari. Shugaban jami'a ya ɗago gira. Kuramochi ya dubi agogonsa, ya dube ta. Ta juya na biyu. Wajen daƙiƙa ashirin aka yi a haka, mutum dubu biyu ba mai motsi. Sai Ebihara ya yi ɗan tari a cikin abin magana, ƙarami, mai ladabi.

"Ga iyayenmu," in ji Chiharu, "waɗanda suka ɗauki nauyinmu…"

Ta karanta sauran har ƙarshe, ba tuntuɓe. Ta naɗe takarda, ta sa a marufi, ta ajiye da hannu biyu, ta ja da baya taku ɗaya, ta sunkuya, ɗaya, biyu, uku. Aka tafa mata.

Ba zan ɓoye ba, har ita na ji haushi. Na ce a raina yaran yanzu ba su da zuciya, an share musu hanya sun kasa bi. Da wannan fushin na kwashe kofunan baƙi, na raba musu akwatunan abincin rana, na raka mai gwangwani har mota, na sunkuya har motar ta ɓace.

Ina dawowa na tarar da ita a barandar baya, inda ba kowa, riƙe da takardar shaidarta. Kwalliyarta ta dame. Tana ganina ta sunkuya ƙasa sosai, ta ƙi ɗagowa.

"Ki yi haƙuri, Nagumo-san. Ki yi haƙuri."

"Ɗago mana, ya wuce."

"Na haddace fa. Ko da safen nan na maimaita a jirgi. Amma da na duba ban ga komai ba, sai idona ya yi ta neman rubutu. Tun ina firamare ban taɓa faɗin abin da ba ya kan takarda a wurin taro ba. Ga shi kuma yana kallona." Ta ja hanci. "Da yana rubuce, da na karanta. Na rantse miki da na karanta. In yana rubuce ai karatu kawai na yi, ba wanda zai ce…"

Ta kasa ƙarasawa. Na ba ta hankicina, na ce ta je uwarta tana jira a ɗauki hoto.

Wajen ƙarfe uku ofis ya yi shiru. Ebihara yana teburinsa, taku biyar daga nawa, yana cin akwatin abincin wani baƙo da bai zo ba. Bai ce mini komai a kan farin wurin ba tukuna. Sai aka turo ƙofa, Malam Hatano ya shigo da kwalinsa ɗaure da igiya, ya sa tsohuwar baƙar kwat da farin nektayi na biki. Ya zo mayar da makullin loka da katin shaida. Na zaro masa fom.

"Sensei, ga wannan," in ji Ebihara daga zaune, yana nuna ƙaramin kwalin alawar biki mai ja da fari. "Sun yi saura, ɗauki ɗaya."

Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Yana cike fom yana magana da ni ƙasa-ƙasa, fuskarsa a sake.

"An yi biki mai kyau. A ɗakin motsa jiki ma an yi kuka. Sai dai kamar ninki biyu sun manne wa Shugaba Kuramochi, ya tsallake wani wuri. Ba komai, ba wanda ya lura." Ya buga hatiminsa, ya hura. "Ita kuma Isogai-san, kin ga yadda ta tsaya? Yarinyar da ta zo mini ba ta iya haɗa layi uku ba. Na so in gan ta, amma mutane sun yi yawa a kanta, ga jirgina ƙarfe huɗu saura. Don Allah ki isar mini da saƙo. Na ga ta ɗan ɓata wuri a tsakiya, ta yi shiru. Na san halinta, za ta yi wata guda tana cin kanta. Ki ce mata in ji ni, kowa yana ɓata wuri, kada ta sa a ranta. Ba wani abin da ya ɓace."

Ya miƙo mini makulli.

Sakin layin nan yana kaina, kalma bayan kalma. Daƙiƙa ashirin sun ishe ni in faɗa masa, a nan, a tsaye, ya hau jirginsa da shi. Na ji ƙarar tsinken cin abincin Ebihara ta tsaya.

Akwai abin da ban gaya muku ba, ina ta zagin mutane tun ɗazu. Shekara biyu ke nan da na cika sittin. Tun daga lokacin ni ma shekara-shekara ake sabunta mini aiki, kuma takardata ta bana tana kan teburin Ebihara a ranar, ba hatimi, a ƙarƙashin akwatin abincin da yake ci. Farin wuri a takarda ana iya cewa kuskuren tsohuwa ne, ido ya tsallake. Suna kuwa, da buroshina, da rubutun da kowa ya sani shekara ashirin da shida, ba mai musa shi. Na san haka sarai ranar da na ɗage buroshin. Na ɗauki kayan da ya fi ƙarfina na ɗora wa yarinya 'yar shekara ashirin da biyu, a gaban mutum dubu biyu da mai kamfanin da ya ɗauke ta aiki, sannan na tsaya bayan labule ina jin haushinta. Dokin mai baki ya fi gudu.

Na karɓi makullin. Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Sensei. A sauka lafiya."

Ya sunkuya, ya fi ni yin ƙasa. Ya ɗauki kwalinsa, ya ja ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara.

Ranar ɗaya ga Afrilu Ebihara ya kira ni teburinsa. Ya ce ya lura idona ya fara gajiya, in riƙa kula da ninki. Sannan ya buga hatimi a takardata ya miƙo. Na karɓa da hannu biyu, na sunkuya, na ce, "Na gode, Ebihara-san," da sunansa da komai, da ƙarfi, duk ofis suka ji.